Abin da wuta ta bari a Babban Gida

Ku da kuka saba jin muryata da safe, yau sai ku yi haƙuri da rubutuna, don maganar ta fi ƙarfin minti goma sha biyar na shiri.

Wasunku za su tuna wata safiya cikin hunturun da ya wuce, da na katse shirin gaishe-gaishe ana tsaka da shi, na saki kiɗa ya yi ta yi, har kuka dinga bugowa kuna tambaya ko lafiya. Ba lafiya ba. Talhona ne ya yi ta ruri a kan tebur, lambar ƙanena, har sau huɗu. A na biyar na ɗauka. Abin da na fara ji iska ce da kururuwar mata, sannan muryarsa: "Yaya, Babban Gida ya kama."

Babban Gida shi ne gidan kakanninmu, a wani ɗan ƙauye cikin ƙasar Ollelewa. In ka sauka daga kwaltar da ta tashi daga Damagaram zuwa Tanut, sai ka ci yashi a bisa moto kafin ka kai. Ba fada ba ce, ba a taɓa naɗa kowa sarauta a cikinsa ba. Amma a ƙauyen nan duk wanda zai yi maka kwatance da shi yake farawa. A zaurensa ake ɗaurin aure, nan ake zaman makoki, nan ake raba gardamar iyakar gona, nan baƙo yake kwana in dare ya yi masa. Kakan kakanmu ne ya gina shi, tun kafin Nasara su shigo Damagaram a 1899. Bangonsa in ka miƙa hannu ba ka kai ƙarshen kaurinsa, ga ginshiƙi ɗaya a tsakiya, ga azarar goruba da hayaƙin shekaru ya mayar baƙa wuluk. Ranar da ake zafin da kaza ke buɗe baki, in ka shiga ciki sai ka ce randa ka shiga.

Yaran yanzu suna mamaki, me ya kawo gida irin wannan a ƙauyen da ko kasuwa ba ya ci? Amsar tana cikin tarihin ƙasar nan. Damargu ita ce rumbun Abzin. Ayarin raƙuma kan ɗauki hatsi ya tsallaka Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya komo da kantun gishiri da dabino, sannan ya gangaro ta nan ya nufi Damagaram, Tasawa da Kano. Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ake ce wa Abdulkarim, cikin irin wannan ayarin gishiri ya ratsa Damargu a watan Janairu na 1851, kuma a nan ƙasar suka rabu da abokin tafiyarsa Richardson, wanda ya nufi Damagaram. Kowane ayari yana da gidan da yake sauka, da maigidan da zai auna masa hatsi, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in an yi ciniki. Kakan kakanmu irin waɗannan masu masauki ne. Don raƙuma aka yi wa gidan wannan ƙaton fili a gaba.

Yadda wutar ta tashi ba wani abin al'ajabi ba ne, kowa a nan ya san irinta. An gama girbi, an jibge harawa da kara a bisa soro don kada dabbobi su ci. Darnin kara ya kewaye gida, ya haɗe da na maƙwabta. Iskar hunturu tana busowa daga gabas. Tartsatsi ɗaya ya tashi daga murhu ya faɗa a darni, kafin a ce me ke nan ya hau harawa. Ruwan da ke garin duka, na randa da na bido, bai yi minti goma ba ya ƙare. Rijiyoyinmu kun san zurfinsu, guga ɗaya sai jaki ya yi tafiya kafin ya fito. Motar pompiye kuwa tana birni, ko an kira ta, hanya ba ta gajarta don ana gobara. Da ƙasa aka yi yaƙin, kwano-kwano, tasa-tasa. Abin da ya ceci sauran gari shi ne wasu samari da suka yi ta maza suka sassare darnukan gidaje uku da adda da gatari, suka ja su gefe, wutar ta zo ta tarar da fili ta tsaya.

Na iso bayan la'asar. Ba a rasa rai ba, alhamdu lillahi, wannan shi ne na farko. Rumbu uku sun tafi da hatsin shekara. Awaki biyu da ke ɗaure. Rufin zaure ya rufta ciki, ginshiƙin yana tsaye shi kaɗai cikin toka yana hayaƙi. Sai ɗakin ajiya na bayan zaure, inda adudun kaka yake.

A nan ne maganar ta zo kaina. Cikin adudun nan akwai takardu, damin guda, ɗaure da tsirkiyar fata cikin tsohuwar gafaka. Wasiƙu ne da rubuce-rubucen bashi na zamanin ayari, da ajami da Larabci. Kawu ya taɓa kwance mini su shekara shida da suka wuce, ranar sallar layya. Na juya su a hannu kamar mai duba ganye. Ni da na yi lakwal, na yi kwalej, na yi lise a Damagaram, na hardace shekarar da Faransawa suka fara juyin juya halinsu, 1789, na ci maki a kanta, amma ga rubutun gidanmu ban iya fitar da kalma ɗaya ba. Kunya ta sa na ce masa, "Kawu, a ɗaure, zan dawo da na'ura in ɗauki hotonsu, in kawo malamin da zai karanta." Tun daga ranar na miƙa mikro ga masu faroje, ga ƴan siyasa, ga ƴan kokowa, ga masu tallar magani. Talhon da ke aljihuna yana ɗaukar hoto, minti ashirin sun isa aikin. Ban yi ba. Kawu ya rasu bara waccan. Takardun sun bi shi cikin hunturun nan.

Daren farko ba a yi barci ba, kuma ba sanyi kaɗai ya hana ba. Magana ta fara zagayawa cewa daga murhun amarya wutar ta tashi, matar ɗan baffanmu, yarinyar da ko wata huɗu ba ta yi a gidan ba. Kun san yadda abin yake: wannan ta ce ta ga hayaƙi daga can, waccan ta ce dama ba ta da natsuwa, kafin asuba har an fara cewa farar ƙafa gare ta. Yarinya ta shige ɗaki ta ƙi ci ta ƙi sha, ta ɗaure kayanta.

Gwaggo ce ta kashe wannan wutar ta biyu. Ita ce babba da ta rage mana, ta haura tamanin, ido ya yi rauni amma baki yana nan. Da safe ta sa aka kai ta tsakar gida, ta sa aka kira maza. Ta ce, "Wa ya hau da harawa bisa soro? Amarya ce? Wa ya kafa darni jikin murhu? Amarya ce? Shekara nawa ina ce muku zamanin Baba ba a ɗora ko tsinke a kan zauren nan? Duk macen da ke garin nan ta hura wuta jiya da safe. In kuna neman mai laifi ku duba rawunanku." Ba wanda ya tanka. Ta aika aka kwance kayan yarinyar, ta ce daga yau a ɗakinta za ta dinga kwana har hankalinta ya komo.

Sai gudummawa ta fara shigowa, tun ba a roƙa ba. Gida-gida aka dinga kawo dami, wanda ba shi da dami ya kawo tiya biyu, tiya uku. Fulanin da ke mashekari kusa da mu suka aiko da nono da ɗan akuya. Ƴan garin da ke Agadas, Arlit, Libiya da Kano suka buɗe zaure a WhatsApp, mai jika 5, mai jika 50, kowa da ƙarfinsa. Ran kwana na tara wani dattijon Buzu ya iso bisa raƙumi daga wajen Belbeji, da tabarmi shida da igiyoyi. Ba wanda ya san shi cikinmu. Ya tsaya gaban zauren ya daɗe, sannan ya nuna wani wuri da sandarsa ya ce a nan kakansa ke guggurfanar da raƙuma, ubansa ya sha faɗa masa. A rediyo ya ji sanarwa. Ya sha fura, ya yi addu'a, ya juya. Na bi shi da mikro a wannan karon.

Da kuɗi suka taru sai gardama ta tashi, wadda ta kusa raba zauren WhatsApp biyu. Samari, musamman na waje, suka ce a rushe a yi na sima da tol, a huta. Ba zan ɓoye muku ba, ina cikinsu, har ni na fi kowa dogon saƙon murya. Kuma hujjarmu ba ta banza ba ce. Mun ga yadda tsohon masallacin Birni na Damagaram, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya zube a farkon Satumba na 2024 bayan ruwan sama mai yawa, duniya duka ta ga bidiyon. Ba mu manta da Maraɗi ba, Nuwamba 2021, da wuta ta cinye azuzuwan zana da yara sama da 20 a ciki. Muka ce ƙasa ruwa ya ci, kara wuta ta ci, to me ake jira?

Dattawa ba su iya dogon saƙo ba. Sai suka aika aka ɗauko tsohon maginin da ya rage a yankin, wanda ubansa ne ya yi wa zauren gyara na ƙarshe. Ya zo da ɗan guntun ƙarfe. Ya bi bango yana ƙwanƙwasawa, yana kara kunne kamar likita. Ya yi wajen awa guda bai ce uffan ba. Sannan ya ce bangon gabas, inda wutar ta fi zama, ya tsage har ƙasa, sai an sauke shi. Sauran ukun da ginshiƙin lafiyarsu lau. Na ce, "Baba, ba gara a yi na zamani gaba ɗaya ba?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, kai ne mai rediyo ko? To ka faɗa musu wuta ba ta ci ƙasa ba. Abin da kuka ɗora wa ƙasa ta ci. Ruwa kuma ba ya kayar da ginin da ake yi wa yaɓe, sai wanda aka manta da shi. Ka yi na tol, watan azumi in ya faɗo cikin bazara ka zo ka zauna ciki, in ka kai azahar ka kira ni."

Maganarsa ta sa na koma na yi bincike don shirin da na yi muku a kan gobara, kuma abin da na samo ya sauya mini tunani. A ƙasar Yuganda, a birnin Kampala, akwai wani wuri da ake kira Kasubi. Sarkin Buganda Mutesa na ɗaya ya gina shi a 1882 ya zama fadarsa, da ya rasu a 1884 aka binne shi ciki, daga baya aka ƙara sarakuna uku. Babban ɗakin bukka ce ƙatuwa ta itace, gora da ciyawa, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2001. Daren 16 ga Maris 2010 wuta ta cinye ta. Mutanen Buganda suna da kuɗin da za su zuba kankare su rufa da kwano su wuce wurin. Ba su yi haka ba. A al'adarsu jinkar wannan ɗaki aikin zuri'a guda ce, ita ta gaji sana'ar, kuma a cikin rufin akwai zobba 52, kowace zuri'ar Buganda da nata. Sai da aka nemo tsofaffin da suka san aikin, aka koya wa matasa, aka nemo irin ciyawar, ƙasar Japan ta taimaka, aka kuma kafa kayan kashe wuta a wurin. Sai a Satumba 2023 UNESCO ta fitar da Kasubi daga jerin wuraren da ke cikin haɗari. Shekara 13 ke nan. Abin da ya fi ba su wuya shi ne hannun da ya iya, fiye da kuɗi.

Kusa da mu ma, a Benin, wutar daji ta shiga fadar sarakunan Abome a Janairu 2009 ta ƙone rufin gine-gine da dama, aka sake rufa su. Nan gida kuwa, a Yama ta jihar Tawa, magini Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27, da ƙasa aka yi ta, tana tsaye ɗaruruwan shekaru don ba a daina yi mata yaɓe ba. Na zauna na lissafa: a yankinmu duka mutum nawa suka rage da za su iya ɗora azara a kan ginshiƙi su rufa zaure irin namu? Ɗaya na samu, shi ma yana dogara sanda. In muka zuba sima bana, ranar da ya kwanta dama shi ke nan, an rufe littafin, kamar yadda na bari aka rufe na adudu.

Na koma zauren WhatsApp na janye maganata. An yi mini dariya, an ce tsoho ya saye ni da goro. A ƙarshe aka tsaya a tsakiya: zaure za a mayar da shi yadda yake, da ƙasa da azara. Ɗakunan kwana na ciki, wanda ke son tol ya sa abinsa. Harawa da kara kuwa an yanke musu wuri can bayan gari, ba mai sake ɗora su a bisa soro. Kowane murhu a yi masa ɗan bango na ƙasa ta gefen gabas. Tsakanin darni da darni a bar hanyar da amalanke zai wuce.

Aikin ya ci rani duka. Ruwa ne babbar wahala, don ƙasar gini tana sha kamar raƙumi. Amalanke huɗu aka ware suna jigilar tono daga foraj na wani gari. Azara ita ce ta biyu. Goruba ta yi ƙaranci, kuma ba a sare ta haka nan sai da izinin ƴan gandun daji. Maginin ya tono tsofaffin daga toka, ya kankare gawayin, ya ce kusan rabi cikinsu bai mutu ba. Sauran aka sayo. In kun shiga zauren yau ku ɗaga kai, za ku ga baƙa da fara a jere, tsohuwa da sabuwa.

Kowace Asabar gayya ake yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, balle soro. Makaɗi yana gefe, samari suna cikin kwaɓi har gwiwa suna taka ƙasa da ciyawa, yara suna miƙa tubali, mata suna dama fura. Tsohon yana zaune bisa turmi yana nuni da sanda, in bai gamsu ba sai a sauke a sake. Samari uku suka manne masa, ɗaya cikinsu bai daɗe da komowa daga Aljeriya hannu wofi ba. Yanzu har an kira shi wani ƙauye ya duba musu bango. Ni ma na taka ƙasa wuni ɗaya, na kwana uku ina ɗingishi, kun ji ni a iska ina nishi.

Ranar daɓe ta mata ce. Da aka watsa tsakuwa aka yayyafa ruwan bagaruwa, sai Gwaggo ta ce a ba ta madaɓi. Muka ɗauka ita za ta fara don albarka. Sai ta kira amarya ta danƙa mata a hannu, ta ce, "Fara, ɗiyata, gidanku ne." Yarinyar ta durƙusa tana bugawa tana hawaye, sauran mata suka shiga da waƙa. Waɗanda suka ce farar ƙafa gare ta suna cikin layin.

Takardun dai ba su dawo ba, kuma ba za su dawo ba. Da ake kwashe tokar ɗakin ajiya an sami ganye biyar da suka manne a tsakiyar damin, gefensu ya ƙone. Na kai wa wani malami a Tanut. Huɗu ba su karantu. Ɗaya ya fito: shaidar bashi ce, wani mutumin Abzin ya karɓi hatsi zai biya da gishiri in ayari ya komo, ga sunayen shaidu biyu. Ko ya biya, ko bai biya ba, Allah masani. Na ɗauki hotonta ta kowane gefe, na aika wa mutum goma.

Sannan na yi abin da ya kamata in yi tun shekara shida. Na zauna gaban Gwaggo dare shida da na'ura. Ta ba ni sunayen matan gidan tun daga farko, da garuruwan da aka auro su, da shekarar yunwar da aka buɗe rumbunan gidan aka ciyar da gari, da dalilin da ya sa ƙofar zauren take duban yamma. In na yi kuskuren suna sai ta ce, "Kai ɗan lakwal, goge ka sake." Za ku ji wani sashe a shirin ranar Lahadi, ta yarda, da sharaɗin kada in sa mata kiɗa a ƙarƙashin magana.

Ruwan farko ya sauka makon jiya da dare. Ƙanena ya bugo mini, gabana ya faɗi da na ga lambar. Ya ce ba komai, in saurara kawai. Ya kara talho a bakin indararo, na ji ruwa yana zuba. Wuri ɗaya ya ɗiga, ta kusurwar sabon bango, da safe yaron maginin ya hau ya toshe.

To jama'a, ga roƙona. Na san a ƙasar Tanut da Belbeji, daga Gangara har Tarka, akwai gidaje irin namu, akwai adudu da gafaka da ba a buɗe ba shekara da shekaru. Wanda ke da talho mai hoto, ya je yau ya ce a kwance masa, ya ɗauka ganye-ganye, ko bai iya karantawa ba, mai iyawa zai samu. Wanda ke da tsoho ko tsohuwa a gida, ya danna wurin ɗaukar murya ya ajiye kusa da su bayan sallar isha'i. In kaka ta yi kuma, kafin a hau da harawa bisa soro, a tuna da mu. Wanda ke da labarin tsohon gidan garinsu ya rubuto a ƙasa ko ya bugo ranar Lahadi, layi a buɗe yake.

Allah ya tsare mu da gobara, ta gida da ta daji, ya ba mu damina mai albarka. Na gode wa duk wanda ya kawo dami, da wanda ya kawo tiya, da wanda ya taka ƙasa. Sai mun haɗu a iska.